Neman Gwaggo Hajo a Ƙasar Adar

Tun da na dawo daga Tawa ban huta da tambaya ba. A shago, a ƙofar masallaci, a majalisarmu ta bakin titi, kowa so yake in ba shi labari, kuma da na kai tsakiya sai wani ya iso a ce in koma farko. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, don waɗanda suka san Baba, da ma waɗanda ba su riske shi ba.

A Kaduna kowa ya san mahaifina da Saja Musa Sakkwato, amma ba Basakkwace ba ne. Mutumin Adar ne, can ƙasar Nijar, arewa da Tawa. Ci-rani ya kawo shi Sakkwato yana saurayi, yana sayar da ruwa, sai aka zo ɗibar soja lokacin yaƙin basasa ya shiga layi. Da mai rubuta suna ya tambaye shi garinsu, ya ji tsoron kada a ce baƙo ne a sallame shi, ya ce Sakkwato. Sunan ya bi shi har kabari.

Mu da muka tashi a gabansa ba mu san shi da labarin yaƙi ba. Mun san shi da gugar gawayi, don ko jallabiyar zuwa masallaci sai ya fitar mata da kari. Mun san shi da yanke mana farce ran Juma'a, ya jera mu a kan benci daga babba zuwa ƙarami. In ka yi laifi ya sa ka tsallen kwaɗo, da yamma kuma ya dawo da tsire a takarda ya fara miƙa wa wanda ya hora. Bayan ya bar soja ya yi gadi a wata masaƙa har ta rufe. A ɗan filin bayan gidanmu, inda maƙwabta ke shuka masara, shi gero yake shukawa, yana kiransa hatsi, tsuntsaye su cinye rabi bai damu ba. Lokacin da yaran unguwa ke wasan wuta na ƙarshen shekara kuwa, ɗaki yake shiga ya ƙure rediyo, ba mai yi masa magana. Muna yara muna kwaikwayon bakinsa a ɓoye, yadda yake cewa lahiya da tahiya, in ya ji mu sai ya yi murmushi kawai.

Sai da ya kwanta ciwon ajali ya buɗe mini abin da ya riƙe shekara da shekaru. Wata rana da hantsi ina ba shi kunu a asibiti, ya ce mini ya taɓa komawa gida sau ɗaya, bayan an gama yaƙi, a shekarun babbar yunwa. Ya tarar da garinsu, Tungar Janjuna, ba kowa. Ɗakuna sun rufta, rijiya ta cika da rairayi. Wani makiyayi da ya gamu da shi ya ce mutanen garin waɗansu sun mutu, waɗansu sun watse, ba wanda ya san inda suka nufa. Ya nemi uwarsa da ƙanwarsa Hajo a Tawa har guzurinsa ya ƙare, ya juyo. Daga nan ya ɗauka ba shi da kowa a duniya sai mu. Sai bara, wani dillalin shanu a zango ya ce masa ai Tungar ta tashi, mutane sun koma tun da daɗewa. Baba ya fara shirin tafiya, har takalmi ya saya, ciwo ya kayar da shi.

Bai ce mini in je ba. Mahaifiyarmu ce, da ta fita takaba, ta kira ni ta ce ita ba ta iya barci da wannan magana. In Hajo na raye, haƙƙinta ne ta ji. In ta rasu, a samo wanda ya san kabarinta. Ta haɗa mini turmin atamfa da sabulu da dabino, ta sa mini albarka. Damina ta kusa ƙarewa na kama hanya.

Daga Kaduna zuwa Sakkwato ba abin da zan gaya muku wanda ba ku sani ba, ramuka ne da addu'a. Na kwana wurin wani abokina, da safe na hau motar Illela. A nan na yi canji, na tambayi abin hawa zuwa Kwanni aka ce in hau kabu-kabu. Na tsaya ina waige-waigen mota, ashe babur suke nufi, mai shi yana gabana tun ɗazu yana kallona.

A bakin iyaka wani jami'i ya karɓi takarduna ya zuba mini Faransanci. Na yi tsuru-tsuru. Ya dube ni, ya dubi takardar, sai ya juya harshe ya ce, "Ina zuwa, malam?" Na gaya masa gaskiya, cewa mahaifina tsohon soja ne ya rasu, danginsa nake nema. Ya miƙo mini takarduna da hannu biyu, ya yi mini gaisuwa, ya ce shi ma mahaifinsa soja ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba maganar ba ce, bakin ne. Tun daga wannan wuri duk wanda ya buɗe baki sai in ji Baba. Mai shayi, mai gyaran taya, matar da ke sayar da ƙosai, kowa lahiya, kowa tahiya. Harshen da muke yi wa dariya a gida, ashe ƙasa guda ce ke magana da shi. Na zauna a teburin mai shayi a tashar Kwanni da wani burodi dogo kamar sanda, mai ɓawo da tauri, na kasa cinyewa, ba don taurin ba.

A motar Tawa aka haɗa ni kujera da wani dattijo mai farin gashi da tabarau. Duk wanda ya shigo sai ya rusuna ya ce masa, "Mushe, ina kwana." Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wane irin rashin tarbiyya ne a dubi mutum kamili a kira shi mushe, shi kuma yana amsawa da fara'a. Da abin ya ishe ni na tambaye shi a hankali. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce kalmar Faransanci ce, haka ake kiran malamin makaranta, kuma rabin mutanen motar shi ya koyar da su ko iyayensu. Sunansa Mushe Bulus, Kirista ne daga wajen Maraɗi, aikin koyarwa ya kawo shi Tawa, ya yi ritaya ya zauna. Da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya ce ya taɓa koyarwa a Takanamat, kuma yana jin Tungar Janjuna a can wajen take. Ya ƙara da cewa ba zan kwana a masauki ba yana da ɗaki.

Mun isa Tawa rana ta take. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda gari ke mutuwa da tsakar rana. Ofisoshi a rufe, masu shaguna sun miƙe a kan benci, sai bayan la'asar komai ya farfaɗo. Mu a Kaduna wanda ya kwanta a wannan lokaci sai a tambaye shi ko ba shi da lafiya. Kafin in ajiye jaka, matar Mushe, Madam Rahila, ta kawo mini buta da sabuwar tabarma, ta nuna mini gabas. Ta ce tabarmar ta baƙi ce, don dangin mijinta da yawa Musulmi ne. Da yamma ta yi tuwon gero da miyar kuka, ta ajiye mini kilishi a gefe. Na yi loma ɗaya na tuna yadda Baba ke ƙorafin tuwon masara, yana cewa ba ya riƙe ciki. Mushe ya yi addu'arsa, na yi bisimillata, muka ci a kwano ɗaya.

Washegari ya kai ni kasuwar dabbobi neman mutanen arewa. Ban taɓa ganin raƙuma da yawa haka wuri ɗaya ba. Wani ya miƙo wuya ya cafke mini hula, sai da mai shi, wani Buzu mai rawani har hanci, ya ƙwato mini ita jiƙe da yawu, yana ba ni haƙuri cikin wata Hausa mai karye-karye. Muka bi rumfa-rumfa. Tungar Janjuna an san ta, amma Musa Sakkwato ba wanda ya taɓa ji. Na ce Musa kawai, suka ce Musa ai ba ya ƙirguwa. Na ce ƙanwarsa Hajo, wani ya ce kowane gida da Hajonsa. Nan na gane na taho neman mutum ban san sunan kakana ba. Baba ya faɗa mini a asibiti, amma muryarsa ta riga ta shige, ni kuma ban so in wahalar da shi da maimaici ba.

Mushe ya ce kada in yanke ƙauna a Tawa, matasa ne ke zuwa kasuwa, tsofaffi suna gida. Ya haɗa ni da wani direba, Agali, wanda ke da tsohuwar a-kori-kura mai zuwa Takanamat, ya damƙa ni a hannunsa kamar amana.

Agali dogo ne, ba ya son magana, kuma ba ya tuƙi in rana ta yi sanyi saboda rashin tsaro a hanyoyin arewa. Ya ce da sassafe za a tashi, amma sai da hantsi ya ɗaga ana ɗaure kaya. Buhuna a ƙasa, mutane a kan buhuna, awaki a tsakanin ƙafafun mutane. Ni aka girmama ni da gaba, jakata kuma aka jefa baya. Da muka bar kwalta muka hau jar hanya, sai duwatsu da gonakin gero, ya yi kai yana jiran yanka. A wani shinge sojoji suka sauke mu suka duba kowa. Samari ne ƙanana, wani ko gemu bai fara ba, bindiga ta yi masa nauyi a kafaɗa. Na tsaya ina kallonsa har ya tsargu. Ban taɓa tunanin Baba a wannan shekarun ba. A idona kullum Saja ne, babba, mai murya. Ashe lokacin da aka tura shi daji bai wuce wannan yaron ba, kuma ba wanda ya san inda yake a cikin danginsa.

Gaba kaɗan muka tarar da korama ta kawo. An yi ruwa a wani wuri can sama, mu ko ɗigo ba mu gani ba, ga shi ya tare hanya yana gudu ja wur. Na tambayi Agali yaushe za mu wuce, ya ce in ruwa ya wuce. Ba wanda ya yi tsaki. Da a wajenmu ne da an zagi direba an zagi gwamnati. Nan kuwa mata suka shimfiɗa zannuwa a inuwar ƙaya, Agali ya fito da ɗan murhu da buta ya ɗora shayi. Na farko ɗaci kamar magani, na kurɓa na yamutsa fuska suna ta dariya, na bayansa kuma zaƙi. Wata tsohuwa ta ɓantaro mini cuku, busasshen nono mai faɗi kamar takarda, ta nuna mini in tsoma a shayi. Da na je ɗauko dabinon Mama in raba musu, na tarar wata akuya ta huda jakar ta riga ni, har ta taɓa gefen sabulu. Mai akuyar ya rantse zai biya, na ce ya bari, ita ma baƙunta ta yi mini.

Sai bayan azahar ruwan ya janye. Maza suka tattare wanduna muka tura mota, takalmina ɗaya ya tafi da laka, na shiga Takanamat da silifa na aro.

Agali ya sauke ni gidan wani amininsa, aka ba ni zaure da gadon kara da ƙwaryar fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a cikinta. Bayan la'asar maigidan ya kai ni inda tsofaffi ke zama a gindin wata bishiya kusa da masallaci. Gaisuwa kaɗai ta ci lokaci, an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi damina, an sake tambayar gajiya. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Suka juya sunan Musa a tsakaninsu, ba wanda ya kama. Suka ce samarin da suka tafi kudu a wancan zamani ba su dawo ba suna da yawa.

Wani tsoho a gefe, siriri, mai carbi a wuya, wanda suke kira Arzika, asalinsa mutumin Tungar ne. Ya ce in kwatanta masa mutumin. Na ce dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa. Ya ce duk haka suke. Na nuna masa hoto a waya, ya kawo ta kusa da ido, ya ce wannan tsoho ne, shi kuwa yaro ya sani. Sai na tuna da hannunsa. Na ce yatsansa manuni na hagu guntu ne, harsashi ya cire masa gaɓa a wurin yaƙi.

Tsohon ya daina jan carbi.

"Hannun hagu?" ya ce.

Na ce e.

"Ba harsashi ba na. Igiyar rijiya ta. Ina wurin." Ya juya wajen sauran. "Nomau na. Nomau na Tankari."

Tankari, ashe shi ne sunan kakana. Arzika ya ce Musa sunan yanka ne, amma ba wanda ya taɓa kiransa da shi, Nomau aka sani don da damina aka haife shi. Tare suka yi kiwo. Ya ce wani da ya dawo daga ci-rani ne ya kawo labarin ya ga Nomau a motar soja, daga baya kuma aka ce rundunarsu ba wanda ya fita. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka. Bayan nan yunwa ta zo, gari ya watse, su Hajo suka gangara kudu wajen Kwanni, a can uwarsu ta rasu. Da ruwa ya dawo aka komo aka yashe rijiya.

Mu kuwa tun muna firamare muke ba abokanmu labarin harsashin nan, har da yadda Baba ya ɗaure hannun da rigarsa ya ci gaba da harbi. Ban san wanda ya fara ƙirƙiro shi a cikinmu ba. Da na yi tunani, Baba bai taɓa cewa haka aka yi ba, bai kuma taɓa ƙaryata mu ba.

Na kasa tambayar abin da ya kawo ni. Arzika ya gane, ya ce, "Hajo tana nan. Idanu dai sun yi rauni."

Da safe muka hau amalanken jaki, ni da shi. A hanya ya ce in bar shi ya fara magana, don labari biyu na ɗauko a baki ɗaya, kuma tsohuwa ce. Tungar ƙaramin gari ne, rumbunan ƙasa sun fi ɗakuna yawa. Mun wuce ta bakin rijiyar, shanu na jan igiya suna tafiya nesa kafin guga ta fito, saboda zurfi. Na so in sauka in duba, na ce sai na dawo.

Mun same ta a tsakar gida tana ɓarar wake a faifai. 'Yar ƙaramar tsohuwa, amma goshin da haɓar na Baba ne sak. Arzika ya zauna ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce ya kawo mata baƙo daga Najeriya. Ta yi mini maraba. Na durƙusa na gaishe ta, ban ce komai ba sai ina kwana da ina gajiya. Ta ajiye faifan, ta karkato kunne, ta ce in sake magana. Na sake gaishe ta.

"Ɗan wa na?" ta tambayi Arzika.

Ya ce mata Nomau bai mutu a yaƙi ba. Ya rayu, ya yi aure, ya haifu, wannan ɗansa ne. Ta miƙo hannu ta laluba fuskata, goshi, kunne, haɓa. Sannan ta leƙa bayana, wajen ƙofa.

"Shi yana ina?"

Na ce, "Gwaggo, Allah ya yi masa rasuwa. Bana, bayan azumi."

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Ta maimaita kalmar bana a hankali. Na gaya mata ya zo nemansu lokacin yunwa ya tarar da kango, ya nemi labarinsu a Tawa bai samu ba, kuma yana shirin tahowa ciwo ya kama shi. Ta tambayi wace shekara ce ya zo, muka lissafa da ita da Arzika ta hanyar abubuwan da suka faru, sai ga shi lokacin suna Kwanni. Ta nan ya bi ya wuce, zuwa da komowa.

Kafin wani lokaci gida ya cika. Mata suka fara shigowa da salati, wata ta ɗora hannu a ka za ta fasa kuka. Gwaggo ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

"Kukan Nomau na yi shi tun ina budurwa," ta ce. "Yau barka za ku yi mani. Wana ya rayu, ya tsuhwa, ya bar ɗiya. Gobe ku zaka ku yi mani gaisuwa."

Haka kuwa aka yi. Ɗanta babba ya yanka akuya, aka dafa shinkafa, mata suka yi guɗa. Ta zaunar da ni kusa da ita ta hana kowa matsowa, tana ta tambaya. Ya yi furfura? Ya yi ƙiba ko yana nan siriri? Haƙoransa sun zube? Yana cin abinci sosai? Har yanzu yana waƙa? Na ce ban taɓa jin Baba ya yi waƙa ba. Ta yi mamaki ƙwarai, ta ce in yana kiwo tun daga nesa ake jin muryarsa, 'yan mata har fakewa suke da ɗebo itace. Na ba ta labarin gugar gawayi da tsallen kwaɗo, ta yi dariya har da tari, ta ce Nomau da ko wanka sai an kore shi. Ita ta ba ni yaron da ban sani ba, ni na ba ta tsohon da ba ta gani ba.

Labarin yatsan ma ita ta ƙarasa mini. Tana ƙarama ta bi shi rijiya, igiya ta naɗe mata ƙafa, bijimi na ja. Ya cafke igiyar da hannu ya riƙe har aka tsayar da bijimin. Ta ɗage zane ta nuna mini tabon a idon sawunta.

Da na jero mata sunayenmu, na zo kan babbar yayarmu na ce Hajara, amma Baba bai taɓa kiran sunanta ba, Ƙanwata yake ce mata tun tana jaririya, mu kuma mun ɗauka wasa ne. A nan ne ta ja mayafi ta rufe fuska.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo, mutane suka zo daga tungayen kewaye, waɗansu a kan jakuna, aka yi addu'a. Ni da na zo a baƙo, ni aka zaunar a gaba ana miƙo mini hannu ana cewa Allah ya jiƙan Nomau. A Kaduna tsofaffin sojoji sun zo da lambobinsu a ƙirji sun yi wa Saja Musa gaisuwa. A nan tsofaffin makiyaya ne suka zo yi wa abokin kiwonsu. Arzika ya zauna kusa da ni har aka tashi.

Na yi kwanaki a Tungar. An zaga da ni gonar kakana Tankari, wadda 'ya'yan Gwaggo ke nomawa. Ɗanta ya ce rabon Baba yana nan in muna so, na ce su ci gaba da nomansu, mu dai a bar mana ƙofa. Na sha fura har na daina neman shayi da safe.

Ana gobe zan taho, Gwaggo ta ce tana son ta ji muryar matar wanta. A garin waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu can bayan gonaki. Na ce ta bari in ɗauki maganarta in kai, ta ƙi. Aka ɗora ta a amalanke da hantsi, muka hau, ina ɗaga waya sama har ta kama. Mama ta ɗauka. Na ce mata ga Gwaggo Hajo, na kara mata wayar a kunne.

Suka gaisa kamar waɗanda suka saba, ina kwana, ina gida, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Daga nan duk suka yi shiru. Ina jin numfashin Mama ta cikin wayar. Na ɗauka layin ne ya yanke, na kai hannu zan duba, Gwaggo ta riƙe wayar gam da hannu biyu.

"Wa ya riƙa mashi kai da zai cika?" ta tambaya.

Mama ta ce ita ce.

Gwaggo ta gyaɗa kai, kamar Mama na ganinta.

"To, madalla," ta ce. "Shekarun ga duka ina ganin shi yashe cikin daji, ba mai ba shi ruwa. Ashe yana hannunki. Na gode, 'yar'uwa. Allah shi biya ki."

Ta miƙo mini wayar, ta gyara mayafinta, ta ce wa mai amalanke ya juya, rana ta fara zafi.